Kowane Kati da Gurbinsa: Haɗa Kayan Kwamfuta a Kan Madabod

Laccar da aka gabatar ga matasa masu koyon gyaran kwamfuta a Abbare, Jalingo



An nemi in yi magana a kan yadda ake ɗora furosesa da ram da katunan ƙari a kan babban allon nan na cikin kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod, ko bod a taƙaice. Na amsa da sauri domin akwai wata ɗabi'a da ta daɗe tana damuna. Kwamfuta za ta ƙi tashi a shago, nan take a yanke mata hukunci a ce bod ya ƙone. Daga nan sai a tura ta ƙarƙashin tebur ƙura ta binne ta, ko a naɗe ta a kwali a ba direba ya kai Yola ko Kano. Sau da yawa bod ɗin nan lafiyarsa ƙalau. Ram ne ya ɗaga kaɗan daga mazauninsa, ko wata waya ce ba ta shiga sosai ba, ko ɗan batir ne ya mutu. Jalingo kuwa ba garin da zai yi wasa da wannan sana'a ba ne. Tun da ta zama babban birnin jiha a 1991 ma'aikatu suke ƙaruwa, an kafa Jami'ar Jihar Taraba a 2008, kuma daga 2015 duk yaron da zai zauna jarrabawar JAMB a gaban kwamfuta zai zauna. Waɗannan na'urori dole wani ya san cikinsu, kuma ban ga dalilin da zai sa wanin nan ya kasance a wata jiha ba.

Kwamfutar tebur tun asali an ƙera ta ne domin a buɗe ta. A ranar 12 ga Agusta 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutar da ya kira PC. A kan allonta an bar gurabe 5 a buɗe, kowanne da haƙora 62, domin mai ita ya soka katin da yake bukata, na hoto ko na firinta ko na ƙarin ƙwaƙwalwa. Kamfanin ya kuma buga littafi mai ɗauke da zanen wayoyin ciki, wasu kamfanoni suka shiga ƙera katuna, ba a jima ba suka shiga ƙera kwamfutar ɗungurungum. A 1987 IBM ya so ya janye abin da ya saki, ya fito da sabon gurbi mai suna Micro Channel wanda sai an biya shi kuɗin lasisi kafin a yi masa kati. Galibin sauran kamfanoni suka juya masa baya, gurbin ya mutu, buɗaɗɗen tsari ya ci gaba. Intel ya kawo PCI a 1992, fararen guraben nan da har yanzu kuke gani a tsofaffin kwamfutoci, ya kawo tsarin ATX a 1995 wanda ya ƙayyade girman bod da wuraren ramukan kusoshi da irin wayar wuta. AGP ya zo a 1997 domin katin hoto kaɗai, sannan PCI Express ya zo a 2003 ya share PCI da AGP duka. Albarkacin wannan buɗaɗɗen tsari ne ram ɗin da aka ƙera a Koriya da bod ɗin kamfanin Taiwan da furosesar Amurkawa suke haɗuwa a kan teburinka a Abbare su yi aiki tare. Kuma masu tsara waɗannan abubuwa sun yi wa kowane gurbi siffarsa, sun sa masa tsaga ko kusurwa ko giɓin ƙafa ɗaya, yadda abin da ba nasa ba ba zai shiga ba. Duk inda ka ji kana kokawa da kati ko waya, tsaya ka duba. Kusan duk ɓarnar da na gani a hannun masu koyo daga ƙarfin tuwo ta fito.

Kafin hannunka ya shiga cikin akwati, juya shi ka dubi bayansa. Yawancin kwamfutocin da muke aiki da su na hannu ne, sun shigo ta tashar jiragen ruwa ta Legas, sun bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko ta titin Beirut a Kano kafin su iso mu. Wasu daga Turai suke, wasu daga Amurka. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu 230. A bayan tsofaffin fawa-fak, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta, akwai wani ɗan jan maɓalli da ake turawa gefe da bakin sukudireba, gefe ɗaya an rubuta 115, ɗaya gefen 230. Na taɓa tsayawa a wani shago ana kwance kaya sababbin zuwa, yaron shagon ya ɗauki guda ya jona ta don mai saye ya gani. Ƙara ɗaya aka ji kamar an fasa leda, hayaƙi ya biyo ta fanka, warin ƙuna ya cika ɗakin. Da aka juya ta, maɓallin yana kan 115. Dubawar da ba ta kai ƙiftawar ido biyu ba ita ce ta raba mai shagon da ribarsa. Sababbin fawa-fak ba su da wannan maɓalli, suna karɓar daga 100 zuwa 240 da kansu, amma sai ka karanta takardar da ke manne a jikinsa kafin ka tabbata.

Bayan haka zare wayar wuta daga bango. Kashe kwamfuta da maɓallin gaba bai wadatar ba, domin muddin wayar tana jone akwai bolt 5 da ke zagaya bod yana jiran a kunna. Ka zare, ka danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wutar ta fice. Shi kuwa fawa-fak, kada mai koyo ya kwance murfinsa. Akwai abubuwa a ciki da ke riƙe wuta bayan an cire shi daga soket, kuma suna iya yi wa mutum illa.

Sai maganar hunturu. Kun san yadda a watan Disamba da Janairu za ka cire rigar sanyi ka ji tana ƙas-ƙas, ko ka taɓa ƙofar mota ta ɗan tsikare ka. Lantarki ne da ke taruwa a jikin mutum idan iska ta bushe. Mutum ba ya jin wannan tsikari sai ya kai wajen bolt 3,000, alhali ƙasa da bolt 100 na iya lahanta wasu ƙananan sassan da ke kan ram ko kati. Ma'ana za ka iya kashe ram ba ka ji komai ba, kuma wani lokaci ba ya mutuwa nan take, sai ya riƙa sa kwamfuta tana daskarewa bayan makonni, mai ita yana zargin manhaja. Wanda yake da abin ɗaurawa a wuyan hannu mai waya ya maƙala shi a ƙarfen akwati. Wanda ba shi da shi ya riƙa dafa ƙarfen akwatin da tafin hannu kafin ya ɗauki kowane abu, ya kuma maimaita duk lokacin da ya tashi ya dawo. A kama kati ta gefunansa, kada yatsa ya taɓa haƙoran nan masu ruwan zinariya. Kada a yi aiki a kan kafet ko katifa. Tebur na katako ya fi.

Furosesa ake fara sawa, tun bod yana waje a kan kwalinsa. A kusurwarta ɗaya akwai 'yar alama mai kusurwa uku, akwai irinta a mazauninta, su za ka daidaita. A wajen Intel, tun daga mazaunin LGA 775 na 2004, allurai suna jikin bod ne, furosesa kuwa shafaffiya ce. A wajen AMD, har zuwa AM4 alluran suna jikin furosesa, guda 1,331, sai a AM5 na 2022 suka koma jikin bod. Ko ta ina suke, siraran gaske ne, kuma guda ɗaya in ta lanƙwashe tana iya hana komai tashi. Ajiye furosesa ake yi a hankali ta zauna da nauyinta, ba a dannawa, sannan a sauke hannun ƙarfen da ke kulle ta. Ku kuma lura da lamba: 1155 da 1150 da 1151 a ido kusan girmansu ɗaya, amma furosesar wannan ba ta aiki a wancan. A ɗiga man nan mai ruwan toka a tsakiyarta, kwatankwacin ƙwayar wake ƙarama, a ɗora ƙarfen sanyaya, a ɗaure kusoshinsa a gicciye kaɗan-kaɗan, a jona wayar fankar a inda aka rubuta CPU FAN. A zafin Maris da Afrilu na garin nan, kwamfutar da man nata ya bushe za ta yi ta kashe kanta da tsakar rana. Duk ta hannu da ta shigo shagonka, goge tsohon man da sifirit ka sa sabo.

Ram shi ne abin da za ku fi taɓawa a rayuwarku ta gyara. DDR2 da DDR3 duk haƙora 240 gare su, DDR4 da DDR5 kuma 288, amma tsagar da ke ƙasan kowanne tana wuri daban. Ɗora shi a bakin gurbi ka dubi tsagar, in ba ta hau kan ɗan tudun da ke cikin gurbin ba, juya shi. In ka juya bai hau ba, ba irinsa ba ne, mayar da shi leda. In ya hau, buɗe kunnuwan gefe, sa manyan yatsu biyu a ƙarshensa biyu, danna daidai har ka ji ƙas, kunnuwan su rufe da kansu. Nan ne kaɗai wurin da ake sa ɗan ƙarfi, shi ma bayan ido ya tabbatar. In guda biyu za ka sa a bod mai gurabe 4, akasari na biyu da na huɗu daga furosesa ake cikawa don su yi aiki kafaɗa da kafaɗa, amma littafin bod shi ne alƙali. Kwamfutar da ke kunnuwa fanka na juyawa allo baƙi ƙirin, fara da ram: cire shi, goge haƙoransa da magogin fensir mai laushi, hure gurbin da bulowa, mayar. Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa ta isa ta raba haƙori da abokinsa.

Wajen sa bod a akwati abu ɗaya zan ja kunne a kai. Akwai wasu 'yan ƙafafu na tagulla da ake ɗaurawa a ƙarfen akwati, su ke ɗaga bod kada bayansa ya taɓa ƙarfe. Ƙirga ramukan bod, ƙirga ƙafafun, su zo daidai. Ƙafa ɗaya da ta rage a inda babu rami za ta gogi wayoyin bayan bod ta haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba. Kuma a tuna da farantin baya mai ramukan USB kafin bod ya shiga.

Wayoyin wuta biyu ne ke zuwa bod: babba mai ƙafa 24, da ƙarama mai ƙafa 4 ko 8 kusa da furosesa. Masu koyo suna yawan mance ƙaramar, sai fanka ta juya allo bai kawo ba. Akwai tarko a nan. Wayar furosesa mai ƙafa 8 tana rabuwa 4 da 4, ta katin hoto mai ƙafa 8 tana rabuwa 6 da 2. Sun yi kama, amma jerin wutar cikinsu ya saɓa, kuma wanda ya tura ɗaya a gurbin ɗaya da ƙarfi zai ji wari. Haka kuma kwamfutocin ofis da suka cika kasuwarmu, irin su Dell OptiPlex 7020 da 9020 da takwarorinsu na HP, da yawansu ba sa bin tsarin ƙafa 24. Suna da nasu mai ƙafa 8 ko 6. Kada ka karɓi kuɗin mutum ka sayo fawa-fak na gama-gari kafin ka leƙa ka ga irin bakin da bod ɗinsa yake da shi.

Yanzu ga katunan ƙari, inda nake ganin mai gyara yake nuna ya san aikinsa. Gurbin PCI Express hanya ce mai layuka. Akwai mai layi 1, gajere, akwai mai 4, mai 8, da dogo mai 16. Keke Napep yana iya bin babban titi ba wanda zai hana shi, amma tirela ba ta shiga lungu. Haka katin layi 1 yake zama a dogon gurbi ya yi aiki lafiya, dogon kati kuwa ba ya shiga gajeren gurbi mai rufaffen ƙarshe. Kowane layi a zubin farko yana ɗaukar megabait 250 a daƙiƙa, zubi na biyu na 2007 ya ninka zuwa 500, na uku na 2010 ya kusa 1,000. Abin daɗin shi ne sabon kati yana aiki a tsohon gurbi, tsohon kati yana aiki a sabo, sai dai su daidaita a gudun wanda ya fi jinkiri. Ku sani kuma ba kowane dogon gurbi ne yake da layi 16 a ciki ba. Haska fitila ka leƙa, za ka ga wani haƙoransa sun tsaya a kashi ɗaya cikin huɗu. Katin hoto a dogon gurbin da ya fi kusa da furosesa ake sa shi.

Sawar kanta ba wuya. Cire ɗan ƙarfen da ya toshe tagar baya, daidaita haƙoran kati da gurbi, danna shi a miƙe har maƙullin ƙarshen gurbin ya kama, sannan ɗaure kusar da ke riƙe shi da akwati. Kusar nan ba ado ba ce. Katin da ba a ɗaure ba, ranar da aka ja wayar manita zai ɗaga gefe ɗaya alhali wuta na ciki. In za ka cire kuma, saki maƙullin tukuna. Na ga bod da aka tumɓuke masa gurbi gaba ɗaya saboda an fizgi kati maƙulli na kulle.

Kafin ka ce wa mutum ya sayi katin hoto, yi lissafin wuta da na wuri. Dogon gurbi yana ba da wat 75 iyaka. Katin da ya fi haka ci yana bukatar waya daga fawa-fak, mai ƙafa 6 tana ƙara 75, mai 8 tana ƙara 150. Siraran kwamfutocin ofis fawa-fak ɗinsu bai cika wuce wat 250 da 'yan kai ba, ba su da wannan waya, kuma akwatinsu gajeren ƙarfen baya yake ɗauka. Irin su sai ƙaramin kati kamar GT 1030 mai cin wat 30. Mai ɗakin haɗa bidiyon biki da ya zo da babban kati a leda yana so a cusa masa a siririyar kwamfuta, gaya masa gaskiya tun kafin a ɓata kuɗi. Idan an sa kati kuma, wayar manita a jikin katin ake jona ta. In aka bar ta a tsohon ramin bod, ko dai allo ya ƙi kawowa, ko katin ya zauna ba ya aikin komai.

Katin da na fi so ku saba da shi shi ne mafi araha, katin netwok. Da damina, tsawa tana iya biyo doguwar wayar netwok ta kashe ramin da ke jikin bod, sauran bod ɗin kuwa ba abin da ya same shi. A cibiyar jarrabawa ko shagon intanet, kwamfutar da ba ta ganin netwok kamar babu ita ce, sai a jingine ta. Ɗan kati mai layi 1 zai mayar da ita bakin aiki a cikin minti kaɗan. Haka in ramukan USB suka mutu, haka in sauti ya ɗauke, haka in ana son Wi-Fi. Guraben nan domin irin wannan rana aka bar su.

Wajen ajiya, wayar SATA mai haƙora 7 da ta wutarta mai 15 duk bakinsu lanƙwasasshe ne, fuska ɗaya suke shiga. Sauya tsohon faifai mai juyawa da SSD shi ne alheri mafi girma da za ka yi wa tsohuwar kwamfuta. Ɗan siririn nan M.2 a karkace ake soka shi, a kwantar, a ɗaure da kusa guda. Lambar 2280 da ke jikinsa faɗi ne da tsawo, milimita 22 da 80. Iri biyu ne, mai magana da yaren SATA da mai NVMe, kuma ba kowane gurbi ke jin duka biyun ba. Tsohon bod yana iya ganin NVMe ta kan katin ƙari amma ya kasa tashi daga kansa.

'Yan wayoyin gaban akwati su ne masu gajiyar da ido. Ta maɓallin kunnawa ko ta wace fuska ka sa za ta yi, ta fitila kuwa in ka juya ta ba za ta haska ba. Filogin USB da na sauti sun yi kama, amma ramin da aka toshe a kowanne yana wuri daban, shi za ka bi.

Kada ka rufe akwati kafin gwaji, kuma kada ka gwada da komai a jone. Bod, furosesa da fankarta, ram guda ɗaya, manita. In hoto ya fito, kashe, zare wuta, ƙara abu ɗaya, sake kunnawa. Ta haka duk abin da ya hana tashi zai tona kansa. In ta yi ƙara ko fitilarta na ƙiftawa, ƙirga, domin saƙo ne, kuma kowane kamfani da ma'anar nasa, sai a nemi littafin wannan samfurin. Ka shiga BIOS ka duba kwanan wata. In ya koma shekarun baya, batirin CR2032 mai bolt 3 ya mutu, kuma kwamfutar da agogonta ya ɓata za ta riƙa ƙin buɗe shafukan rajista alhali data na nan. Masu shago da yawa sun zagi kamfanin layi a kan laifin wannan batir.

Akwai abin da ke tafe da ya kamata masu saye su sani. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma yana neman TPM 2.0 da furosesar Intel ta zubi na 8 zuwa sama, ko makamanciyarta ta AMD. Ofisoshin Turai da Amurka suna sauke kwamfutocin da ba su cika wannan sharaɗi ba, kuma kasuwanni irin namu ne masaukinsu. Za su yi araha, da yawansu kuma suna da sauran ƙarfi, musamman in an ƙara musu ram da SSD ko an sa musu Linux. Amma shugaban makarantar da zai sayi guda 50 ya cancanci a gaya masa abin da yake saye. Ku ce a buɗe muku akwati a gaban mai sayarwa. Ku karanta lambar furosesa, ku ga irin ram da yawan gurabensa, ku ga ko akwai gurbin kati da ya rage, ku dubi 'yan gwangwanayen da ke tsaye a kan bod ko kansu ya kumbura ko yana tsatsa. Mai sayarwar da ya hana a kwance kusa biyu a leƙa, a bar masa kayansa.

Shugaba, a nan zan dakata. Akwai kwamfutoci a bayan ɗaki da aka kawo domin gwaji, ina roƙon a raba masu koyo gida-gida, 'yan mata su ma a ba su sukudireba su kwance da hannunsu. Masu tambaya kuma bismillah.